Wane Ya Haifi Wane: Me Jerin Sunayen Nan Ke Yi Cikin Littafi Mai Tsarki?

Idan mai karatun Littafi Mai Tsarki na kullum ya iso wurin da babu komai sai wane ya haifi wane, wane kuma ya haifi wane, ya tsallake ne ko ya daure ya karanta? In kuma ya daure ɗin, me zai samu a ciki da zai ƙulle a haɓar zani ya fita da shi? Tambayar nan duk shekara sai ta dawo a ekklesiyarmu, kuma kusan lokaci ɗaya take dawowa. A watan Janairu kowa na da zafi, an raba takardar tsarin karatu a sujadar shiga sabuwar shekara, an buɗe gurup a WhatsApp, gari na wayewa kowa na turo "na gama na yau". Littafin na da surori 1,189, wato 929 a Tsohon Alkawari, 260 a Sabo, in ka raba da kwanakin shekara sura uku ne da 'yar ɗoriya a rana, shi ya sa ake cewa uku kullum, biyar ran Lahadi. Tafiya na daɗi har farkon Fabrairu a shiga Littafin Ƙidaya, nan za ka ga gurup ya fara sanyi, waɗanda suka ƙetare kuma tsakiyar Afrilu na jiransu da 1 Tarihi sura 1 zuwa 9, sura tara cur kusan duk sunaye.

Bana wata uwa ce daga zumuntar mata ta tare ni bayan an tashi sujada, ta ce "Malam, dan Allah faɗa mini gaskiya, in na tsallake wurin nan zunubi ne? Ni fa ƙarfe huɗu da rabi nake tashi saboda ƙosai, minti goma kawai gare ni kafin in hura wuta, sai in ƙare su wajen sunayen da ko faɗinsu ban iya ba, in rufe littafin ban ji komai ba." Na ce mata Mama ba zunubi ba ne, babu ayar da ta ce haka, amma ki ba ni lokaci in nuna miki abun da ke ciki. Tun ranar maganar ke cina, don na san ba ita kaɗai ba ce, ita dai ce ta yi ƙarfin halin faɗa.

Me ake nufi da jerin asali

Abun da muke magana a kai shi ne lissafin zuriya, ko salsala, wato jera iyaye da kakanni. A Ibrananci akwai kalmar toledot, ma'anarta haihuwa ko zuriya, kuma sau 11 ta fito a matsayin kan magana a littafin Farawa, kaman "ga zuriyar Nuhu", "ga zuriyar Tera", "ga zuriyar Yakubu". To ka ga da ita aka ɗinke littafin gaba ɗaya.

Jerin iri biyu ne. Akwai mai miƙewa kaman karan dawa, uba ɗaya ɗa ɗaya har ƙasa, irin na Farawa 5 daga Adamu zuwa Nuhu, ko na ƙarshen littafin Rut daga Feresa zuwa Dawuda. Shi wannan aikinsa ya haɗa mutum na ƙarshe da na farko, ya nuna cewa wannan yana da haƙƙi domin daga can ya fito. Akwai kuma mai yaɗo kaman kabewa, uba ɗaya 'ya'ya da yawa kowa da nasa reshe, irin na Farawa 10 inda aka jera al'ummai wajen 70 daga Shem da Ham da Yafet. Wannan shi kuma yana nuna wa ke dangin wa.

Abu ɗaya da in ba a gane shi ba komai zai rikice, kalmar "ɗa" da "haifi" a wurinsu tana da faɗi. Ayar farko ta Sabon Alkawari ta kira Yesu ɗan Dawuda, ɗan Ibrahim, alhali tsakanin Dawuda da Yesu shekara wajen dubu ce. Mu ai bai kamata wannan ya ba mu wahala ba. In maroƙi ya tsaya gaban Sarkin Kano ya ce jikan Dabo, ba wanda zai ce ya yi ƙarya don ya tsallake sarakunan da ke tsakani, kowa ya san Ibrahim Dabo tun ƙarni na 19 ya yi sarauta, maroƙin gidan yake nunawa. Haka Ezra 7 ya jera kakannin Ezra har zuwa Haruna, in ka ɗora shi kan 1 Tarihi 6 za ka ga ya ƙetare sunaye shida a tsakiya, kuma ba wanda ya ɗauki wannan kuskure a zamaninsu.

Wa ya zauna ya rubuta su, kuma don me

A Isra'ila ta dā asalinka shi ne takardar gonarka. An raba ƙasa kabila kabila, gida gida, kuma doka ta ce ba a sayar da ita har abada, a shekara ta 50 kowa ya koma gadonsa. Shi ya sa Nabot ya ƙi sayar wa sarki Ahab gonar inabinsa har abun ya ci ransa, shi ya sa kuma 'ya'yan Zelofehad mata su biyar suka tsaya gaban Musa a Littafin Ƙidaya 27 suka ce ubanmu ya mutu ba ɗa namiji, don me sunansa zai ɓace, a ba mu gado, kuma Allah ya ce gaskiya suka faɗa. Aikin firist ma haka, sai zuriyar Haruna. Sarauta kuma an yi wa Dawuda alkawari a 2 Sama'ila 7 cewa ba za ta fita gidansa ba.

Sai ga babbar masifa. Wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu Babila ta rushe Urushalima, ta ƙone Haikali, ta kwashe mutane. Babu sarki, babu bagade, babu gona. Da Sairus na Farisa ya ba da izinin komawa a 538, waɗanda suka dawo jikoki ne da yawansu, wasu ba su taɓa ganin ƙasar ba. Ezra 2 ya ce jimlarsu 42,360. A cikin surar akwai wurin da in na karanta nakan tsaya, mutum 652 sun kasa nuna gidajen kakanninsu, sannan wasu gidaje uku na firistoci sun nemi sunayensu a rubuce ba su samu ba, aka dakatar da su daga aiki, aka ce kada su ci abinci mafi tsarki sai an sami firist da zai tambayi Allah. Duk wanda ya taɓa zirga-zirga tsakanin gidan mai unguwa da sakatariyar ƙaramar hukuma neman takardar indijin don ɗansa ya samu makaranta, ya san irin zafin nan.

Ni kam sai da na ga abu da idona kafin 1 Tarihi ya buɗe mini. Shekarun baya rikici ya koro mutane daga ƙauyukansu, wasu iyalai suka zauna a azuzuwan makarantar cocinmu wata da watanni. Akwai wani dattijo a cikinsu, kullum da yamma yana zaune kan benci da littafin rubutu irin na 'yan firamare, ya kira wannan ya tambaya, ya kira waccan ya tambaya, yana rubutawa da fensir yana lasar bakinsa. Ran nan na gaishe shi na ce Baba me ake rubutawa haka? Ya juyo mini da shafin, gida gida ne, mai gida da matansa da 'ya'yansa, wanda ya rasu an yi masa ɗan gicciye a gefe, a ƙasa kuma an sa gonar wane ta yi iyaka da ta wane daga bakin rafi zuwa gindin ɗorawa. Ya ce "Ɗana, in ban rubuta ba yaran nan za su girma a gari, ran da aka koma ba wanda zai san gonar ubansa." Wanda bai san ƙauyen ba in ya ɗauki littafin nan barci zai yi, amma na ga wata mata ta karɓa tana bin layi da yatsa har ta iso gidansu ta fashe da kuka.

To irin wannan littafin ne 1 Tarihi 1 zuwa 9. An rubuta shi bayan dawowa daga bauta, ga mutanen da ke tambayar ko Allah na sane da su har yanzu. Marubucin bai yi wata gabatarwa ba, kalmarsa ta farko Adamu ce, sai Shitu, sai Enosh, ya jawo igiyar bai sake ta ba har sura 9 inda ya sauke ta a kan waɗanda suka dawo suka zauna Urushalima, su masu sauraron nasa kenan.

Kukan da ke cikin Farawa 5

Wannan sura rana ta biyu ake haɗuwa da ita, kuma ba a jin ta sai an karanta da murya. Wane ya yi shekara kaza, ya haifi wane, ya mutu. Ya mutu, ya mutu, kaman ana buga ganga ɗaya a gidan makoki. Metusela ya kai 969, shi ma ya mutu. A sura 3 maciji ya ce ba za ku mutu ba, sura 5 ce amsarsa. Sai a mutum na bakwai kiɗan ya karye, Anuhu ya yi tafiya tare da Allah, shekararsa 365, ba a ce ya mutu ba, Allah ya ɗauke shi. In ka koma sura 4 ka ƙirga ta ɓangaren Kayinu, na bakwai daga Adamu shi ne Lamek, mai yi wa matansa kirarin ya kashe mutum, yana cika baki da ramuwa sau 77. An ajiye su ne kusa da juna don a gani.

Akwai wani saƙo da ke yawo a wayoyi, wai in ka fassara sunaye goman nan ka jera za su ba da jimlar bishara a ɓoye. Yana da daɗin ji amma ba na koyar da shi, domin ma'anar sunaye irin su Kenan da Metusela da Lamek sai an lanƙwasa su da ƙarfi kafin su shiga jimlar. Abun da ke fili a surar ya ishe mu.

Matan da Matiyu ya sa da gangan

Matiyu Yahudawa yake wa magana, kuma Bayahude ba zai saurari zancen Almasihu ba sai ka fara nuna masa gidan. Shi ya sa ya buɗe da jeri, ya kasa shi uku, tsara 14 daga Ibrahim zuwa Dawuda, 14 daga Dawuda zuwa bautar Babila, 14 daga nan zuwa Almasihu. Don lissafin ya zauna ya tsallake sarakuna uku tsakanin Yoram da Azariya, wato Ahaziya da Yowash da Amaziya, kuma duk wanda ya san littafin Sarakuna a cikin masu karatunsa zai lura. Masana da yawa na ganin 14 ɗin daga sunan Dawuda ta fito, don a Ibrananci baƙaƙe na da lamba kaman yadda malamanmu na nan ke hisabi da baƙaƙen Larabci, sunan baƙi uku ne, 4 da 6 da 4. Kaman dai ya buga hatimin Dawuda sau uku a shafin farko.

Amma abun da ya fi kama ni matan ne. A al'adarsu jerin maza ake yi, in ma za a sa mata ai su Saratu da Rifkatu ne suka cancanta, iyayen al'umma. Matiyu ya bar su ya ɗauko Tamar, wadda surukinta Yahuza ya danne mata haƙƙi har ta yi shigar karuwa ta zauna bakin hanya ta samu ciki da shi, ya ce a ƙone ta, da ta fito da hatiminsa da sandarsa ya ce ta fi ni gaskiya. Ya ɗauko Rahab, karuwar Yariko, Bakan'aniya. Ya ɗauko Rut mutuniyar Mowab, alhali Maimaitawar Shari'a 23 ta ce mutumin Mowab ba zai shiga taron Ubangiji ba har tsara ta goma, ga shi Dawuda tattaɓa-kunnenta ne. Ta huɗu ma bai kira ta Batsheba ba, cewa ya yi matar Uriya, ya bar sunan mijin da Dawuda ya sa aka kashe a tsaye a tsakiyar jerin sarauta. Sai Maryamu, wadda cikinta ya sa Yusufu ya yi niyyar rabuwa da ita a ɓoye.

Kowa ya san yadda muke yi in an zo binciken aure, a ɓoye kawun da ya haukace, a ɓoye gwaggon da ta yi cikin shege, a fito da wanda ya yi dagaci. Duk gida na da abun da ba a faɗa. Shi Allah da zai gabatar da Ɗansa sai ya kwance buhun gidan a bainar jama'a, kuma bayan ayoyi kaɗan mala'ika ya ce a sa masa suna Yesu domin shi zai ceci mutanensa daga zunubansu. Su wa ne mutanen nasa? Su ne waɗanda ka gama karanta sunayensu yanzu. Ina ganin yarinyar da ta haihu a gida aka daina gaishe ta a coci, da wanda ya shigo bangaskiya daga wata kabila ana masa kallon baƙo, sun fi kowa buƙatar a karanta musu Matiyu 1 a hankali.

To me ya sa Matiyu da Luka ba su zo ɗaya ba

Wannan ita ce tambayar da matasanmu ke dawowa da ita daga makaranta, wani lokaci abokansu Musulmi ne suka yi musu, kuma tambaya ce mai kyau, bai kamata fasto ya ɗaure fuska ba. Luka 3 ya faro daga Yesu ya yi baya har Adamu, ya rufe da cewa Adamu na Allah ne, don shi duniya duka yake wa magana. Daga Ibrahim zuwa Dawuda kusan sun yi daidai. Daga nan Matiyu ya bi ta Sulemanu, Luka ya bi ta Natan, wani ɗan Dawuda ɗin. Sun haɗu a Sheyaltiyel da Zarubabel, suka sake rabuwa. A ƙarshe Matiyu ya ce uban Yusufu Yakubu ne, Luka ya ce Heli.

Bayani uku ne suka fi shahara. Mafi tsufa na Yuliyus Afirkanus ne, wani malamin Kirista na ƙarni na 3, ya ce Yakubu da Heli uwarsu ɗaya uba kowa da nasa, Heli ya mutu ba ɗa, Yakubu ya gaji matar bisa dokar Maimaitawar Shari'a 25 ya haifi Yusufu, don haka ɗan Yakubu ne ta jini, ɗan Heli ta doka. Gadon mace ba baƙon abu ba ne a kabilunmu da yawa, za mu gane wannan da sauri. Wasu sun ce Luka zuriyar Maryamu ya kawo, Heli surukin Yusufu ne, suna kafa hujja da cewa Luka ya ce "ana zato" Yesu ɗan Yusufu ne. Wannan shi aka fi ji a bagadinmu, raunin sa kuwa Luka bai ambaci Maryamu a jerin ba. Na uku sun ce Matiyu layin magadan kujera ya bi, Luka kuma layin haihuwa, kaman yadda jerin sarakunan gari daban yake da jerin iyayen sarki. Akwai kuma masanan da ke cewa kowannensu daga rubutun da ya samu ya ɗauko, ba sai an daidaita ba.

Ni na fi karkata ga na uku, amma ba na rantsuwa a kai, kuma ina roƙon masu koyarwa su daina faɗin ɗaya kaman aya ce. In ka ce wa yaro tabbas na Maryamu ne, ya je ya duba bai ga sunanta ba, kai ka jawo masa shakka. Abun da duka biyun suka tsaya a kai shi ne gidan Dawuda, kuma dukansu sun yi hattara ba su ce Yusufu ya haifi Yesu ba.

Lissafin shekarun duniya

A 1650 wani babban bishop na Armagh a ƙasar Ayalan, James Ussher, ya tara shekarun jerin nan da wasu bayanai ya ce an halicci duniya a 4004 kafin Almasihu, aka riƙa buga lambar a gefen shafin Baibul na Turanci har mutane suka ɗauka nassi ce. A 1890 William Henry Green, malami a makarantar tauhidi ta Princeton a Amurka, mutum mai riƙe da hurarren nassi sosai, ya nuna cewa tunda jerin kan tsallake tsara ba a yi su don wannan lissafin ba. Luka 3:36 ma ya sa wani Kenan tsakanin Arfakshad da Shela wanda babu shi a Farawa 11 na Ibrananci, sai a tsohuwar fassarar Helenanci. Masu ɗaya ra'ayin na cewa ai Farawa 5 da 11 sun faɗi shekarun uba lokacin haihuwa, don haka ana iya tarawa. Kiristoci na ƙwarai na ɓangarorin biyu, bai kai a raba zumunci ba.

La'anar gado, inda abun ke taɓa aljihu da aure

Nan ne rashin fahimtar ke yi wa talaka ɓarna. An cika gari da wa'azin la'anar kakanni, a ce bincika gidanku, rashin aurenki ko karyewar jarinka daga wani kaka ne, kawo kuɗin mai da na addu'a a karya. Masu wannan koyarwa na riƙe da Fitowa 20:5, inda aka ce alhakin iyaye na bin 'ya'ya har tsara ta uku da ta huɗu, kuma suna nuna gidajen da abu ɗaya ke maimaituwa. Ba na musun cewa abu na bin gida, yaron da ya tashi yana ganin uba na shan giya yana dukan uwa ya sha wuya kafin ya kuɓuta, bashi ma ana gadonsa. Amma ayar ta ce na waɗanda suke ƙina, ta kuma ci gaba da cewa ƙauna ga dubbai.

Duba jerin Matiyu ɗin nan dai. Ahaz ya ƙona ɗansa hadaya, shi ya haifi Hezekiya mai tsoron Allah. Hezekiya ya haifi Manassa wanda ya yi shekara 55 yana sarauta ya cika Urushalima da jini, albasa ba ta yi halin ruwa ba. Manassa ya haifi Amon mugu, Amon ya haifi Yosiya da ya hau gado yana ɗan shekara 8 ya zama mai gyara. Ina la'anar ta tsaya, ina albarkar ta tsaya? Ezekiyel 18 ma Allah da kansa ya hana karin maganar nan ta iyaye sun ci tsami haƙoran 'ya'ya sun mutu, ya ce mai zunubi shi zai mutu. Na san gidan da yara suka yi ta ciwo suna rasuwa, aka ɗora wa tsohuwar da ke ƙauye maita, 'ya'yanta suka daina zuwa gaishe ta, ashe mata da miji dukansu AS ne, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da sikila. Gwajin jini kafin aure ya fi musu amfani da duk man da suka saya, tsohuwar kuma ta mutu da baƙin ciki.

Irin wannan karkatar da nassi aka yi wa baƙar fata gaba ɗaya. Masu riƙe da bayi a Amurka sun yi ta wa'azin wai an la'anci Ham don haka bauta gadonmu ce. Buɗe Farawa 9:25 ka gani, Kan'ana Nuhu ya ambata. Kush, wato ƙasar kudu da Masar inda Sudan take yau, da Masar ɗin kanta da Fut, 'ya'yan Ham ne kuma ba a la'ance su ba. Mutumin Kush ne ma, Ebed-melek, ya ciro annabi Irmiya daga rijiya. Wanda ya san Farawa 10 ba a yi masa wannan ƙaryar.

Ba Bulus ya ce a rabu da su ba?

Ya faɗa, a 1 Timoti 1:4 da Titus 3:9, ya ce a guji tatsuniyoyi da ƙididdigar asali marar iyaka mai jawo gardama. Amma shi ne kuma ya rubuta wa Timoti cewa kowane nassi hurarre ne mai amfani. Abun da yake yaƙa shi ne mutum ya mai da asali tsanin hawa kan 'yan'uwa. Shi kansa ɗan kabilar Biliyaminu ne, Ba'ibrane ɗan Ibraniyawa, ya ce ya ɗauki duk wannan hasara saboda Almasihu. Yahaya Mai Baftisma ya ce kada ku ce Ibrahim ne ubanmu, Allah na iya ta da 'ya'ya wa Ibrahim daga duwatsu. Kuma ka lura, bayan Matiyu 1 da Luka 3 babu sauran jerin haihuwa a Sabon Alkawari, jerin da ke biyo baya irin na Romawa 16 ne, Yahudawa da Helenawa, mata da maza, wasu da sunayen bayi, ana ce musu 'yan'uwa. In zaɓen dattawan ekklesiya ya zo aka fara raɗa cewa wane ba ɗan ƙasa ba ne, kakansa zuwa ya yi, to wannan ce ƙididdigar da Bulus ya hana.

Yadda nake ba da shawarar a bi da su

Kada ka sa wa kanka dole sai kowane suna ya ba ka wahayi, ba haka aka yi su ba. Karanta da ɗan sauri, da murya in da hali, ko ka kunna na sauraro a waya kana bi da ido, in ka kasa furta suna wuce abunka. Idonka ya kasance kan wurin da kiɗan ya canza, nan marubucin ke ɗaga hannu. A 1 Tarihi 4:9 ana cikin jeri sai a tsaya kan Yabez, wanda uwarsa ta sa masa sunan wahala, ya yi addu'a Allah ya ji. A 7:24 sai ga wata mace Sheyera ta gina garuruwa. In ka gamu da sunan da ka sani ja masa layi, ka tuna labarinsa.

Wanda bin littafin a jere ke karya masa gwiwa ya canza tsari. Wani fasto ɗan Sikotlan, Robert Murray M'Cheyne, ya shirya wa ekklesiyarsa a Dundee wani a 1842, wurare huɗu a rana, ranar farko Farawa 1 da Matiyu 1 da Ezra 1 da Ayyukan Manzanni 1, a shekara ka gama Tsohon Alkawari sau ɗaya, Sabo da Zabura sau biyu. Mai minti goma ya ɗauki rabi ya yi shekara biyu, ba tsere ake ba. In kwana uku ya wuce ka, ɗora daga na yau. Tun 1932 muke da cikakken littafin nan da Hausa, kakanninmu da yawa saboda shi suka koyi karatu da girmansu a gindin bishiya, suna haɗa baƙi da baƙi, kuma ta kan sunayen nan suka bi.

Maman nan mai ƙosai na ce mata ta bar sauran tukuna ta karanta 1 Tarihi sura 9 kaɗai, a hankali. Sura ce ta masu tsaron ƙofa su 212, masu kwana kewaye da ɗakin Allah su buɗe shi kowace safiya, da masu ƙirga kwanoni in za a fitar a kuma ƙirga in an dawo da su, da masu kula da gari da mai da turare. Lahadin da ta biyo ta same ni a bakin ƙofa tun kafin a buga ƙararrawa, da littafinta a naɗe cikin leda, ta buɗe ta nuna mini wani Mattitiya, ɗan farin Shallum, Balawe, wanda aka danƙa wa aikin toye-toye a kasko. Ta ce "Malam, ashe har mai suya an rubuta sunansa da na ubansa." Ta karɓi birona ta juya bayan takardar tsarin karatun ta rubuta 9:31, ta ce za ta kai wa matan layinsu na bakin tasha.